Akawun da ke rubuta fomula a Excel shi ma furogirama ne, a daina raina aikinsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da duk ma'aikatan wannan jarida, dan Allah ka taimaka ka bani fili in fitar da wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma kayi haƙuri wasiƙar zata ɗan yi tsawo, nayi ƙoƙarin rage ta abin ya ƙi.

Tunda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin nan na 3MTT a 2023, wanda akace za a koya wa mutum miliyan uku fasahar zamani, kullum ka kunna rediyo ko ka shiga Facebook maganar kenan, matasa su koyi kodin, matasa su koyi furogiramin, mutum yana zaune a ɗakinsa ana biyansa da dala. Ni ban ƙi ba, Allah ya sa albarka, amma abinda yake bani mamaki shine ban taɓa jin wani ya ambaci mutanen da tuni suke wannan aikin a ofisoshinmu shekara da shekaru ba tare da an kira su da sunan ba, su kansu in kace musu ai ku furogirama ne dariya zasu yi maka. Ina nufin akawu da akanta da kashiya da sakatariya da malamin jarrabawa na makaranta da mai kula da sito, duk wanda ya taɓa buɗe Excel, manhajar lissafin nan ta kwamfuta, ya danna alamar daidai ɗin nan mai layi biyu a kwance ya fara gaya wa kwamfuta abinda zata yi. Ni ma'aikacin sashen kuɗi ne, bana shekarata 16 a teburin albashi, na tarar ana rubuta bauca da hannu ana sa takardar kabon a ƙasa, don haka abinda zan faɗa ba ji nayi ba, da idona na gani.

Bari in fara da misalin da kowa zai gane. Malamin jarrabawa a sakandare yana da ɗalibai ɗari huɗu ko biyar, kowanne da makin gwaji da makin jarrabawa a darussa tara ko goma, kuma ana so a fitar wa kowa gired irin na WAEC daga A1 har F9. A da sai a tara malamai a ofis kwana uku da kalkuleta da jan biro ana ta musu. Yanzu layi ɗaya zai rubuta da fomular nan ta IF, yace wa kwamfuta in maki ya kai 75 rubuta A1, in bai kai ba duba ko ya kai 70 ki sa B2, in bai kai ba duba 65 ki sa B3, haka dai har ƙasa da 40 da zai zama F9, sai ya kama kusurwar gidan, wato ɗan akwatin nan da ake rubutu a ciki, ya ja shi ƙasa, kafin ka ƙifta ido an gama. Sannan ya sa RANK ta fitar da na ɗaya da na biyu a aji, ya haɗa da Word ta hanyar Mail Merge ta buga wa kowane yaro takardar sakamakonsa da sunansa. To Malam Edita wannan in ba furogiramin ba mene ne? In kaza ya faru yi kaza, in bai faru ba yi kaza, shine dai abinda ake fara koya wa ɗaliban kimiyyar kwamfuta a jami'a, bambancin kawai shi wannan malamin ba wanda ya zaunar dashi ya koya masa, a wajen abokinsa ya gani ya kwafa.

Kuma da yake ba koya masa akayi ba, akwai tarkunan da bai san dasu ba. Wani malami maƙwabcina ya taɓa ƙwanƙwasa min ƙofa bayan isha'i da laftof a hannu hankalinsa a tashe, wai wata yarinya da ko zama jarrabawar lissafi bata yi ba tana kwance a asibiti, sakamako ya fito ta ci A1. Da na duba sai naga a gidan jimillar makinta an rubuta ABS, alamar bata zo ba, shi kuma Excel a ƙa'idarsa in kace ya gwada rubutu da lamba to rubutu ne babba kullum, ko da lambar miliyan ce. Fomula ta tambaya ABS ya kai 75? Excel yace ya kai har ya wuce. Kwamfutar bata yi kuskure ba, abinda aka gaya mata shi tayi, kuma da ba don shi malamin ya san yarinyar ba da haka takardar zata tafi gida da sa hannun shugaban makaranta.

Wani zai ɗauka ko mu ne muke cusa kanmu a abinda ba namu ba, a'a, tun asali don irinmu aka ƙera abin. A 1979 wani ɗalibin makarantar kasuwanci ta Harvard a Amurka mai suna Dan Bricklin, shi da abokinsa Bob Frankston, suka fitar da VisiCalc, manhajar lissafi irin Excel, don ɗan kasuwa ya canza lamba ɗaya sauran lissafin duk ya gyara kansa ba sai ya goge ya sake daga farko ba. Daga nan Lotus 1-2-3 ta fito a 1983, tsofaffin akantocinmu har yau suna labarinta, sai Excel a 1985. A 1993 kuma kamfanin Microsoft ya saka cikakken yaren furogiramin a cikin Excel ɗin, sunansa VBA, yana nan a kwamfutar ofishinka yanzu haka, ka danna Alt da F11 tare zaka ga ya buɗe. Har da maɓallin da zaka danna kace ya naɗi abinda kake yi, kayi aikinka sau ɗaya da hannu shi kuma yana rubuta kod ɗin a bayan fage, gobe dannawa kawai zaka yi ya maimaita. Shine ake ce wa makiro, kuma yawancin waɗanda na sani ta wannan ƙofar suka shiga, su naɗa, su buɗe su karanta abinda ya rubuta, su canza kalma ɗaya su ga me zai faru, ya lalace su sake.

Ba ma Excel kaɗai ba. Yaranmu da ke aiki da ƙungiyoyin agaji a Maiduguri da Damaturu suna tsara fom ɗin tattara bayanai a KoboToolbox, su sa sharaɗi cewa in wadda ake tambaya tace tana da juna biyu sai tambaya ta gaba ta bayyana, in an sa shekarun da hankali ba zai ɗauka ba fom ya ƙi karɓa. Ɗan uwana da ke aiki a Maraɗi ya taɓa turo min fomula ta WhatsApp in duba masa, sai naga SI a wajen IF, SOMME a wajen SUM, RECHERCHEV a wajen VLOOKUP, wato fomular da ke nemo bayani a cikin jadawali, ashe su har sunayen fomulolin an mayar musu Faransanci. Abin ya tsaya min a rai, zan dawo kansa.

To ga abinda ya sa na zauna rubuta wannan wasiƙa. A ofishinmu anyi wani bawan Allah, ba zan faɗi sunansa ba, ƙaramin ma'aikaci ne a mataki na 07, difloma gareshi kuma ba a fannin kwamfuta ba. Kafin ya zo haɗa albashi yana cin mu kwana biyar zuwa shida duk wata, mu huɗu, a duba matakin kowa da sitef ɗinsa, a cire kashi 8 na fansho, a cire kashi biyu da rabi na asusun gidaje, a cire haraji, kuɗin ƙungiya, bashin kofaretif, wanda aka yi wa ƙarin girma a lissafa masa ariyas, sannan a ware kowa da bankinsa, wani watan har ƙarfe tara na dare muna ofis an ɗauke wuta muna haskawa da waya. Wannan yaro ya ɗauki kusan wata huɗu yana gina fayil guda a laftof ɗinsa na kansa, da datarsa, a gida da daddare, yana kallon bidiyon koyarwa na Indiyawa a YouTube yana tsayarwa yana gwadawa. Yayi shafi ɗaya na jadawalin albashi, ya sa VLOOKUP tana ɗauko wa kowa nasa da zarar an sa mataki da sitef, duk cire-ciren nan suna fita da kansu, sannan ya rubuta makiro ya ɗaura shi a jikin wani koren maɓalli, in ka danna sai ya rarraba mutane banki-banki kowanne a shafinsa, suna da lambar asusu da kuɗi a jere yadda bankin ke so. Aikin kwana shida ya koma na yini ɗaya. Wallahi ranar da ya fara nuna mana sai da babban akanta ya miƙe daga kujerarsa ya zo ya leƙa.

Me aka bashi? Ko takardar yabo ba a bashi ba. Fom ɗin auna ƙwazo na shekara babu gurbin da za a rubuta irin wannan, abinda ya samu kawai ƙarin wahala, ya zama yaron kwamfuta, firinta ta ƙi a kira shi, wayar oga ta cika a kira shi, ɗan oga zai cike fom ɗin makaranta a kira shi. Shekara biyar muna cin gajiyar fayil ɗin nan ba wanda ya taɓa cewa zo ka zaunar damu ka nuna mana yadda cikinsa yake, har ni da nake wannan maganar, mun iya danna koren maɓalli shikenan. Rana ɗaya aka yi masa canjin wajen aiki zuwa wani gari. Na karanta takardar miƙa aikin da ya bari, shafi biyu ce, makullan kabad, fayilolin takarda, hatimi, tebur da kujera, babu ko layi ɗaya a kan abinda albashin mutum sama da ɗari shida ya rataya a wuyansa, don ba wanda ya tambaya.

Wata na uku da tafiyarsa aka ɗauki sabbin ma'aikata, muka ƙara sunayensu kamar yadda muka saba, muka danna maɓalli, komai ya fito fes, aka sa hannu aka kai banki. Ashe lokacin da ya rubuta makiron mu ɗari biyar da 'yan kai ne, sai yace masa ya fara karantawa daga layi na 2 ya tsaya a layi na 650, a ganinsa ya bar sarari mai yawa. Mu kuma mun wuce 650. Mutum goma sha ɗaya suka faɗa ƙasan layin, kuma ba duka sabbi bane don an sake jera sunayen, makiro bai gansu ba kuma bai ce uffan ba. Da mutane suka fara zuwa ƙorafi muka zauna a gurguje muka buga musu jadawali na daban da hannu, ni na buga, a nan kuma na faɗa tarko na biyu. Lambar asusun banki a Najeriya guda goma ce, wasu da sifili suke farawa, shi kuma Excel in baka gaya masa cewa gidan na rubutu bane ɗauka yake lambar lissafi ce sai ya yar da sifilin gaba, goma ta koma tara, haka yake yi wa lambar waya ma. Mutum uku banki ya dawo dasu. Ɗaya daga ciki dattijo ne mai shara, Baba muke ce masa don ya haife mu duka, kuma satin babbar sallah ne, kullum da safe zai zo ya tsaya bakin teburina yace yallaɓai har yanzu shiru fa ban ga alat ba, ince Baba kayi haƙuri in sha Allahu gobe. Kwana tara yayi yana zuwa, da hutun sallah a tsakiya. Anyi sallah ko ɗankwali bai saya wa 'ya'yansa ba. Na nemi yafiyarsa ya yafe min, amma har gobe in na tuna tsayuwar nan tasa sai naji wani abu ya tokare min ƙirji.

Ni ban ɗora wa wancan yaro laifi ba ko kaɗan, abinda ya rubuta daidai ne a ranar da ya rubuta shi. Laifin namu ne da muka ɗauki janareton ofis da muhimmanci, yana da littafin sabis yana da mai kula dashi, amma fayil ɗin da ke raba wa mutane haƙƙinsu muka ɗauke shi kamar wasan yara. Ayar bashi da ke suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta umarci marubuci ya rubuta tsakanin mutane da adalci, to ni a fahimtata wanda ke rubuta fomular albashi ko ta fansho ko ta makin ɗalibai yana cikin wannan amanar, kuma shugaban da ke sa hannu a kan takardar da bai san yadda lissafinta ya fito ba shi ma yana ciki.

Kada kuma a ce ai mu ne bamu iya ba. A Ingila a watan Oktoba na 2020, ana tsakiyar korona, hukumar lafiyarsu ta fito ta amsa cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar basu shiga lissafi a kan lokaci ba, dalili kuwa an yi amfani da tsohon nau'in fayil na Excel wanda layi 65,536 kawai yake ɗauka, alhali sabon da ya fito tun 2007 yana ɗaukar 1,048,576. Fayil ya cika, sauran suka zube, kuma waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar ba a neme su da wuri ba. Da na karanta labarin sai naga ai layinmu na 650 ne sak, nasu dai ya fi girma. Haka wasu manyan farfesoshin tattalin arziki biyu na Harvard, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da bincike a 2010 a kan yadda bashin gwamnati in ya wuce kashi 90 cikin ɗari na arzikin ƙasa yake danne bunƙasa, 'yan siyasar Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja dashi wajen tsuke bakin aljihu, sai a 2013 wani ɗalibi a jami'ar Massachusetts mai suna Thomas Herndon ya samu fayil ɗin ya duba, ya tarar cikin matsalolinsa har da fomular matsakaici da bata kai ƙasan jerin ba, ta bar ƙasashe biyar a waje. Abinda ya fito da wannan kuskuren abu ɗaya ne, wani mutum na biyu ya buɗe ya duba fomular, ba takardar da aka buga ba.

A namu ofisoshin abinda yafi tsorata ni shine kwanan wata. Kwamfutoci da yawa a saitin Amurka suke zuwa, wata ne a gaba sannan rana, mu kuma rana muke farawa da ita, ka buga 03/11 kana nufin 3 ga Nuwamba ita ta ajiye 11 ga Maris, in ranar ta wuce 12 kuma sai ta ajiye shi a matsayin rubutu kawai, jeri ɗaya rabi kwanan wata rabi rubutu, a ido duk iri ɗaya. To a ƙasar da ake yin ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, kuma da fomula ake fitar da ranar, kaga ana iya sallamar mutum saura wata takwas. Sai kuma ɗabi'ar binne lamba a cikin fomula. Lokacin da aka ƙara harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, wani abokina mai aiki a kamfanin sayar da kayan gini sai da ya kwana biyu yana bin gida-gida yana neman inda aka rubuta 0.05 a fayiloli barkatai, alhali da an ware gida ɗaya a sama an rubuta kason a ciki kowace fomula tana ɗauka daga can, canji ɗaya ya wadatar. Yanzu ga dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun canza matakan harajin albashi, Allah kaɗai ya san fayil nawa ne a ofisoshi da kamfanoni da makarantun kuɗi tsofaffin matakan ke binne a cikinsu kuma wanda ya binne baya nan.

Akwai kuma ɓangaren tsaro da ba a cika magana a kai ba. Makiro furogiram ne na gaske, abinda zai iya rarraba albashi zai iya goge fayil ko ya saci bayani. Tun a 1999 akayi bairos ɗin Melissa, a cikin takardar Word yake zuwa, ka buɗe ya tura kansa ga mutum 50 na farko a jerin adireshin imel ɗinka, irin wannan haɗarin ne ma ya sa a 2022 Microsoft ya koma toshe makiron duk fayil ɗin da ya fito daga intanet. Amma mu a nan fayil yana yawo daga filas zuwa filas, daga wannan guruf na WhatsApp zuwa wancan, gargaɗi ya fito a sama mutum ya danna amincewa ko karantawa bai yi ba. Na sha ganin an ɗauki filas mai ɗauke da sunaye da BVN da lambar asusun ma'aikata gaba ɗaya an kai shagon buga takardu na bakin titi don firintar ofis babu tawada, a kwafe a kwamfutarsu a buga a tafi a barshi a can, alhali tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Yanzu kuma ga ChatGPT, yaran da ake ɗauka sabbi da shi suke rubuta fomula, kuma gaskiya yana taimakawa nima ina tambayarsa, amma na ga wanda ya kwafo makiro mai layi sittin ya manna bai san me layi ɗaya yake yi ba, na kuma ga wanda ya ɗebi jadawalin ma'aikata da sunayensu da albashinsu ya zuba masa don ya gane tambayar da kyau. Sai da na zaunar dashi nace ɗana ka ƙirƙiri sunayen bogi guda biyar ka bashi, abinda yake buƙata kenan.

Don haka kirana ga shugabannin ma'aikata na jihohinmu da manyan sakatarori da masu kamfanoni da masu makarantu, ku tambaya yau ɗin nan wane fayil ne in ya lalace aikinku zai tsaya, kuma waye kaɗai ya san cikinsa, zaku sha mamakin amsar, yawanci wani ƙaramin ma'aikaci ne da ko sunansa baku riƙe ba. A san da zamansa, a sa wannan aikin a cikin abinda ake dubawa wajen ƙarin girma, a haɗa shi da mutum na biyu da zai koya, kuma takardar miƙa aiki ta riƙa tambayar fayilolin kwamfuta da kalmar sirrinsu da bayanin abinda kowane makiro yake yi. Bitocin da ake kai mutane otal kwana uku ana koya musu yadda ake kunna kwamfuta da canza launin rubutu, a raba alawus a watse, da an mayar da rabin kuɗin wajen koyar da IF da VLOOKUP da yadda ake kulle gida kada ya karɓi lambar asusun da bata kai goma ba, da an ga bambanci a wata ɗaya. Masu binciken kuɗi su ma, da girmamawa, ku daina tsayawa a takardar da aka buga kuna bin ta da koren biro, kuskuren yana can cikin fomula, ku nemi fayil ɗin. Kwalejojin kimiyya da fasaha masu sashen OTM, wato na koyon aikin ofis da sakatariya, da na akanta, yaran nan da kuke yayewa a kan Excel zasu ƙare rayuwar aikinsu, a basu shi da zurfi, har da yadda mutum zai gwada fomularsa da gangan da gida babu komai, da rubutu a wajen lamba, da suna biyu iri ɗaya, don a garuruwanmu samun mutum uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya a ma'aikata guda ba abin mamaki bane, VLOOKUP kuwa na farko da ta gani shi take ɗaukowa.

Kai kuma Malam Edita ga nawa roƙon gareka, shine maganar Maraɗi da nace zan dawo kanta. Bafaranshe yana koyon wannan abu da harshensa, mu kuma matan da suka shekara ashirin suna buga takardu a ofis, masu saurin hannu da kaifin ƙwaƙwalwa, abinda ya tsaya tsakaninsu da fomula Turancin bidiyon ne kawai. Na gwada da wata abokiyar aikinmu, nace mata Hajiya IF ɗin nan ba komai bane illa idan, idan kaza to kaza in ba haka ba kaza, a zama ɗaya ta gane, yanzu ita ke lissafin hutun ma'aikata da fomular da ta rubuta da kanta. Da zaku ware ɗan gurbi ko rabin shafi ne duk mako, a ɗauki matsala guda ta ofis ko ta shago ko ta makaranta a warware ta da Hausa dalla-dalla, masu karatu su aiko da tambayoyinsu, ni dai a shirye nake in riƙa aiko da abinda na sani kyauta, kuma na tabbata akwai waɗanda suka fi ni sani da yawa da zasu fito.

Fayil ɗin nan dai har yanzu dashi muke albashi. Na kira mai shi a waya ya nuna min inda 650 ɗin take, muka gyara yadda zai riƙa nemo layin ƙarshe da kansa, na kuma ƙara gida ɗaya a can sama da ke gwada jimillar babban shafi da jimillar shafukan bankuna, in basu zo daidai ba ya koma ja, kuma bana kai wa oga takarda sai na nuna masa gidan. Na sayi littafi ina rubuta bayanin kowane shafi da hannuna, na kai rabi. Akwai wani jeri a ɓoye da ya sa wa suna X2, in ka taɓa shi harajin kowa sai ya rikice, shi kansa yace ya manta dalilin da ya sa ya yi shi sai ya gani da idonsa, ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kaimu zan shiga mota in same shi a garin da yake mu zauna a kai.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani ma'aikacin sashen kuɗi, daga Kano.